Ranar da Aka Dafa Taɓo a Narayi

A damunar 1987 Juliana Shekari ta dawo gida Narayi dogon hutu, da akwati ɗaya da wasu littattafai biyu masu kauri da ta aro. Shekara ɗaya ta rage mata ta gama karatun kimiyya a jami'a, kuma ba a ba ɗalibi digiri sai ya yi bincike nasa na kansa ya rubuta.

Mahaifinta, Shekari, mai gyaran rediyo da talabijin ne. Shagonsa yana Tudun Wada, kullum da safe yake tayar da tsohon babur ɗinsa ya haye gada. A aji huɗu na firamare ya tsaya, sauran iliminsa a wajen wani Ibo mai suna Cyril ya same shi, a Kakuri, inda ya yi shekara bakwai yana koyon aiki. Mahaifiyarta, Celina, kunun zaki take yi, tana kaiwa bakin masaƙa a Kakuri lokacin da ma'aikata ke fitowa cin abinci.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, suna cin tuwo a baranda, Shekari ya tambaye ta abin da za ta bincika.

"Yadda sauti ke tafiya a ƙasan teku, Baba. Cikin yashi da taɓon da suka kwanta a can."

Celina ta ajiye lomar da ta ɗauko. "Teku? Mu da ke Kaduna?"

Juliana ta yi dariya. "Mama, idan kika leƙa rijiya kika yi magana, ai muryarki tana dawowa. To, haka manyan jiragen ruwa suke yi. Kafin a shimfiɗa bututun mai ko a kafa ƙarafa a teku, sai sun san me ke ƙasa, yashi ne ko taɓo ko dutse. Ba mai iya nutsewa ya gani. Sai su aika sauti ƙasa, ya ratsa ruwa, ya shiga cikin ƙasar, wani ya dawo. Daga ƙarfin abin da ya dawo ake gane irin ƙasar da ya bi."

"Sauran da bai dawo ba fa?" in ji Shekari.

"Ya gaji a hanya. Wannan gajiyar nake so in auna. Littafi ya ce cikin yashi sauti ya fi gudu, amma ya fi saurin rauni, don ƙwayoyin yashi suna gugar juna, ruwan da ke tsakaninsu yana kai da komo, ƙarfin yana ƙarewa a nan. Cikin taɓo mai laushi kuwa a hankali yake tafiya, amma yana yin nisa kafin ya mutu."

Shekari ya ci gaba da tauna tuwonsa. Shi a tunaninsa taɓo ne zai fi shanye ƙara, amma bai yi gardama ba. Abin da ya tambaya shi ne da me za ta auna.

A nan fuskar Juliana ta canza. Malaminta, Dakta Wilson, wanda ya taɓa aiki a jirgin bincike kafin ya koma koyarwa, ya ce mata na'urar da ake wannan aiki da ita ba ta fita daga ɗakin gwaji, kuma ɗalibai da yawa ne ke jiranta. Idan ta jira sai an koma makaranta, mako biyu kacal za ta samu. Shi ya sa ta yi niyyar ta yi hutun tana karanta abin da wasu suka auna.

"Zana mini ita," Shekari ya ce.

Ta zana a bayan takardar waƙoƙin coci: abu ɗaya mai fitar da sauti, abu ɗaya mai saurare, da allon da zai nuna ƙarfin abin da aka ji. Ta ce sautin ya zama siriri ƙwarai, wanda kunnen mutum ba ya ji, in ba haka ba zai cika mazubin ruwan gwajin da amsa-kuwwa. Shekari ya ninke takardar ya sa a aljihun rigarsa, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Kusan mako biyu bai sake tayar da maganar ba. A shago akwai wani kwali da yake tara tsofaffin rimot na talabijin, irin na da, waɗanda ke aika wa talabijin umarni da siririn sautin da mutum ba ya ji. Ya farke huɗu, ya ciro ƙananan bakunansu masu kama da maɓallin kwat. Ya liƙa musu waya da dalma, ya cusa kowanne cikin yankin robar tayar keke, ya cika da man inji don kada iska ta rage a ciki, ya toshe da gam. Biyu sun yi yoyo, ya zubar. Biyu sun tsaya. Ya haɗa ɗan akwatin da zai riƙa tura sautin gutsure-gutsure, da kayan wata rediyo da mai ita ya yi watsi da ita. Allon kuwa yana da shi tun tuni, wata na'ura mai nauyi da yake duba cikin talabijin da ita, mai nuna koren layi a gilashi. Sikof yake ce mata. Ranar Asabar ya ɗauro duka a bayan babur, ya biyo bayan wata akori-kura da ta ɗauko masa gawar wani tsohon firji marar ƙofa.

Suka kwantar da firjin a bayansa a ƙarƙashin rumfar da ke bayan gidan, suka cika da ruwan rijiya. Juliana ta sa bakin mai magana a wannan gefe, mai saurare a wancan. Shekari ya murɗa maɓalli. Koren layin da ke kwance ya yi tsalle ya tsaya kamar tsinin kibiya.

Juliana ta dafe baki. Ta matsar da mai sauraren gaba, tsinin ya ƙaru. Ta ja da shi baya, ya ragu.

"Baba! Yana ji!"

"To da me kike so ya yi?" in ji Shekari, yana goge hannu da tsumma. Amma bai iya ɓoye murmushinsa ba, har ya leƙa kicin ya kira Celina ta zo ta gani.

Yashi da taɓo a wajen Malam Bello suka samo, wani mai ɗibar yashi a bakin kogin Kaduna wanda Shekari ya sha gyara wa rediyo. Yashin ba wuya, yana nan tsibi-tsibi. Taɓon ne ya ba Malam Bello mamaki.

"Oga Shekari, shekara ashirin ina sayar da yashi, ba wanda ya taɓa ce mini in kawo masa taɓo."

"Na 'yata ne. Karatu za ta yi da shi."

"Karatu da taɓo? To, Allah ya ba da sa'a."

Ya shiga kwalekwalensa ya nufi wani lungu da ruwa ba ya gudu, inda ciyawa da ganyaye ke taruwa, ya ciko musu buhu shida da baƙin taɓo mai santsi kamar man kaɗe.

Da yashi suka fara, kuma komai ya tafi daidai. Juliana ta zuba shi a hankali cikin ruwan firjin, ta binne bakunan biyu a ciki, ta riƙa matsar da mai sauraren da ɗan tazara tana rubuta tsayin koren tsinin. Kowane taƙi sai ya ragu. Da ta zana lissafin a takarda, ya yi kusa da abin da ke cikin littafi har ta riƙa dubawa tana sakewa. Mako guda tana wannan, tana waƙa a gindin rumfar.

Sai suka kwashe yashin, suka wanke firjin, suka zuba taɓo.

Layin bai motsa ba. Ta kusanto da bakunan har saura faɗin tafin hannu tsakaninsu, sannan wani ɗan tsini ya leƙo kamar ƙurji. Ta ja baya kaɗan, ya ɓace. Inda littafi ya ce sauti zai yi nisa, a nan ya mutu tun bai bar ƙofa ba.

Shekari ya ce wataƙila ruwa ya shiga robar. Ya tafi da bakunan shago, ya farke, ya sake liƙewa. Suka gwada washegari, ba canji. Ya canza wayoyi. Ya ƙara wa akwatin ƙarfi har wani abu ya ƙone a ciki, ya sake haɗawa. Abokan cinikinsa suka fara ƙorafi, don rediyoyinsu na nan jere a kan kanta ba a taɓa ba. Kwana goma sha ɗaya suna wannan fama, ga ruwan sama kullum, ga wani wari da ya fara tashi daga firjin.

Ranar Talata da yamma, bayan sun gwada karo na huɗu, Juliana ta jefar da biro a kan benci.

"Baba, mu haƙura. Tun farko na san wannan ba kayan ɗakin gwaji ba ne. Rimot da tayar keke ne fa. Yanzu ma ban san ko abin da na auna a yashin gaskiya ba ne."

Shekari ya kashe sikof ɗin, ya naɗe wayoyin ɗaya bayan ɗaya a hannunsa kamar yadda yake yi idan zai rufe shago, ya rufe na'urar da leda. Ya shiga ɗaki. Washegari da Celina ta kawo masa shayi, ta tarar ya riga ya fita.

Celina ba ta shiga maganar ba. Kwana biyu gidan ba daɗi, uba na fita da sassafe, 'ya na kwance da littafi a fuska. Ranar Juma'a da hantsi ta je wajen rumfar ɗauko itace, warin firjin ya tsayar da ita. Ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki wani kara ta caka cikin taɓon. Ƙananan ƙwayoyin iska suka taso a jere, suna fashewa a saman ruwan.

"Juli! Zo nan."

Juliana ta fito tana jan silifa.

"Taɓon nan naku yana tashi."

"Tashi kamar yaya, Mama?"

"Kamar ƙullun waina idan ya kwana. Dubi." Ta sake caka karan, iska ta sake tasowa. "Ranar da kuka zuba shi, nan ya tsaya, daidai wannan tsatsar. Yau ga inda yake. Ya kumbura. Abin da ya ruɓe a ciki ne yake numfashi. Ni dai na san ƙullu idan ya yi haka, cikinsa duk iska ce."

Juliana ta tsuguna ta kafa wa ƙwayoyin ido. Can sai ta miƙe da gudu ta shiga ɗaki, ta fito da ɗaya daga cikin littattafan tana buɗe shafuka da sauri. A can wajen ƙarshe, a wani sakin layi da ta taɓa tsallakewa, aka rubuta cewa iska ko da 'yar kaɗan ce, idan ta maƙale cikin laka, tana kashe sauti fiye da komai, don kowace ƙwaya tana matsewa tana buɗewa tana shanye ƙarfinsa. Masu gwaji sukan cire iskar da injin tsotsa kafin su auna.

"Ba mu da injin tsotsa," Juliana ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Dole sai inji?"

"Ko a tafasa shi. Zafi yana korar iskar, ya kuma kashe abin da ke ruɓar da shi. Amma Mama, buhu shida ne."

Celina ta juya ta dubi manyan tukwanenta biyu na ƙarfe da ke kife a jikin katanga, waɗanda take dama kunun mutum ɗari a ciki. Ta daɗe tana dubansu.

"Gobe ba ni zuwa Kakuri," ta ce. "Amma ke za ki wanke mini su da toka har sai na ga fuskata a ciki."

Da Shekari ya dawo da yamma, Juliana ta tare shi tun bai kafe babur ba. Ta ɗan rusuna.

"Baba, ka yi haƙuri. Na yi maka magana marar kyau. Na'urarka ba ta da laifi. Gaskiya take faɗa mana tun ranar farko, mu ne ba mu gane ba."

Ta kai shi wajen firjin ta caka masa karan. Ya kalli ƙwayoyin iskar, ya kalli Celina da ke tsaye a ƙofar kicin tana riƙe da ƙugu.

"Ke kika gano wannan, Maman Juli?"

"Ku kuna kallon gilashi, ni ina kallon abin da ke cikin firji."

Shekari ya yi dariyar da bai yi ba cikin kwana uku.

Ranar Asabar tun da hantsi aka hura wuta a murhu biyu. Juliana na ɗebo taɓo da bokiti, Shekari na ƙara ruwa, Celina na juyawa da muciya. Da ya ɗauki zafi sai ya fara kumfa yana tofar da iska, warin kuma ya bi unguwa kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai. Ba a jima ba maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga. Grace, matar da ke gidan kusa, ta shigo har tsakar gida da zani a hanci.

"Maman Juli, lafiya? Me kike dafawa haka?"

"Taɓo."

"Taɓo? Na ci?"

"Na jami'a," in ji Celina, ba ta ko daina juyawa ba. "Juli ce ke binciken ƙasan teku. Idan ba a dafa shi ba, sauti ba ya wucewa."

Grace ta tsaya da baki buɗe, ta fita. Kafin azahar labari ya kai har bakin kasuwar Narayi cewa gidan Shekari suna dafa taɓo. Wasu suka ce magani ne, wasu suka ce boko ya taɓa yarinyar. Celina ta ji duka, ba ta kula ba. Sau uku suka cika tukwanen suka sauke. Juliana ta tafasa ruwan da za a zuba a firjin shi ma, kuma ba ta yarda a kwarara taɓon daga sama ba. Da kwano ta riƙa nutsar da shi a ƙarƙashin ruwan tana juyewa a hankali, don kada wata iskar ta sake shiga. Suka rufe da leda suka bar shi kwana biyu ya huce ya kwanta.

Ranar Litinin Shekari bai je shago ba. An ɗauke wuta, sai ya aro ɗan janareta a wajen mai aski. Juliana ta nutsar da bakunan biyu cikin taɓon, ɗaya a wannan ƙarshen firjin, ɗaya a wancan, nesa iyakar nesa. Celina ta zo ta tsaya a bayansu da ludayi a hannu. Shekari ya murɗa maɓallin.

Koren tsinin ya miƙe har ya kusa taɓa saman gilashin.

Celina ta rangaɗa guɗa. Juliana ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba. Shekari kuwa ya sunkuya ya rage ƙarfin akwatin, don tsinin ya dawo inda za a iya aunawa, ya ce, "To, ɗauko bironki."

Ta yi mako uku tana aunawa. Ta dafa yashin shi ma ta sake gwada shi don ta tabbata. Ta gauraya yashi da taɓo kashi-kashi ta ga yadda raunin sautin ke ƙaruwa. A tazarar da yashi ya cinye kusan duk tsinin, dafaffen taɓo ɗan kaɗan ya rage masa. Ta kwafe lissafin a takarda mai kyau ta aika wa Dakta Wilson ta gidan waya.

Amsa ba ta zo a takarda ba. Wata Asabar a ƙarshen watan Satumba, wata farar mota Fijo ta shigo layinsu tana kauce wa kwatami, ta tsaya a ƙofar gida. Wani dogon mutum mai furfura a gemu ya fito yana tambayar gidan su Juliana Shekari. Yana kan hanyarsa ta zuwa Legas ne, ya ce, sai ya ga ya kamata ya ratse.

Bayan an gaisa an ba shi kujera da kofin kunu, ya fito da takardar daga jaka.

"Juliana, gaskiya zan faɗa miki. Da na ga lissafin nan, na ɗauka daga littafi kika kwafo. Ya yi kyau da yawa. Shi ya sa na zo in gani da idona."

Juliana ta kai shi wajen rumfar. Dakta Wilson ya tsaya a kan firjin. Ya ɗago ɗaya daga cikin bakunan, ya juya robar tayar keken a hannunsa, ya latsa, ya shinshina.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Babana ne, Dakta."

"A ina kuka samo bakin?"

Shekari, wanda ya sa rigarsa ta zuwa coci tun da ya ji an ce malamin Juli ne, ya matso. "Daga rimot ne, Dakta. Irin na da."

"Man da ke ciki fa?"

"Idan na bar iska tsakanin bakin da robar, sautin ba ya fita. Na gwada da ruwa, ya yi tsatsa. Sai na sa mai."

Dakta Wilson ya dube shi da kyau. "Malam Shekari, waɗanda muke amfani da su a jirgi, daga ƙasar waje ake kawo su, kuma mai ne a cikinsu. Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Na ga dai haka ya fi."

Malamin ya tuɓe agogonsa, ya naɗe hannun riga, ya ce a kunna. Da kansa ya riƙa matsar da bakin cikin taɓon yana karanta tsinin, Juliana na riƙe da takardarta yana dubawa. Sau biyar ya auna, sau biyar ya dace da abin da ta rubuta. Ya miƙe da baƙin taɓo har gwiwar hannu.

Sai Juliana ta ba shi labarin kwana goma sha ɗayan da suka ɓata, da yadda mahaifiyarta ta gano iskar. Ta ce waɗancan lissafe-lissafen na ɗanyen taɓo ta ajiye su gefe, tunda ba su da amfani.

"Ba su da amfani?" Dakta Wilson ya ɗaga murya. "Kada ki kuskura ki zubar! Lokacin da nake jirgi, akwai wurare a bakin manyan koguna da muke wucewa, takardar na'urarmu ta fito fari fat, kamar ba ƙasa a wurin. Ganyaye da itatuwan da kogi ya kwaso ne suke ruɓewa a cikin laka, iska ta cika ta, sauti ya shiga bai dawo ba. Masu kafa ƙarafa suna tsoron irin wuraren nan. Ke kin auna abu ɗaya, da iska da kuma bayan an cire ta. Wannan shi ne babin da ya fi kowanne a aikinki."

Ya juya ga Celina. "Madam, sunanki zai shiga cikin takardar nan."

"Ni? Ni ai dafawa kawai na yi."

"To, shi za a rubuta."

Kafin ya tafi ya roƙi a ba shi na'urar ya kai makaranta, don ɗalibai su riƙa koyo da ita. Shekari ya girgiza kai.

"Ba yau ba, Dakta."

Juliana ta zaro ido. "Baba!"

"Dubi wayoyin nan a waje. Dubi akwatin, kwalin sabulu ne. Ba za a kai aikina jami'a a haka ba. Ka ba ni wata guda."

Dakta Wilson ya yi dariya ya miƙa masa hannu, taɓo da komai.

Shekari ya cika alkawari. Ya sa wani maƙeri a Tudun Wada ya lanƙwasa masa akwatin ƙarfe, ya fesa masa fenti ruwan toka, ya sake liƙa kowace waya a tsanake, ya haɗa ƙarin bakuna huɗu don ko wani ya lalace. A farkon Nuwamba ya rufe shago, ya sa kaftani, ya shiga mota da akwatin a kan cinyarsa, bai yarda a sa shi a but ɗin motar ba.

A ɗakin gwajin ya tarar da ɗalibai kusan talatin suna jira, Juliana na cikinsu. Dakta Wilson ya gabatar da shi da Turanci, ya ce ga injiniyan da ya haɗa na'urar, sannan ya ja gefe ya bar masa teburin. Shekari bai taɓa tsayawa gaban aji ba tun da ya bar firamare. Ya buɗe akwatin, ya fara bayani a hankali, Hausa na shiga Turancin kasuwa, yana kallon tebur. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambayi dalilin da ya sa ya naɗe wayar mai saurare da zaren tagulla. Shekari ya ce ya zo ya cire ya gani. Da yaron ya cire, koren layin ya rikice da tsalle-tsalle, ajin ya fashe da dariya. Daga nan muryarsa ta saki. Awa ɗaya aka ba shi, ya yi kusan uku, har ma'aikacin ɗakin gwajin ya jawo kujera ya zauna yana rubutu.

Juliana ta gama a shekarar da ta biyo da sakamako mai kyau, Dakta Wilson kuma ya rubuta mata takardar da ta samar mata gurbi a wata cibiyar binciken teku a Legas. Ranar da za ta tafi, iyayenta suka raka ta tashar jirgin ƙasa. Celina ta cika mata jarka da kunu ta ce ta shanye kafin Minna, don kada ya yi tsami. Shekari ya ɗora mata akwatin ta taga, ya ba ta wani ɗan ƙunshi a leda. Ƙarfen narka dalma ne sabo, da naɗin dalma guda.

"Duk inda aka ba ki na'ura, ki buɗe ki ga cikinta tukuna," ya ce. "Idan ta lalace a tsakiyar ruwa, ba mai gyara a kusa."

Jirgin ya yi ƙara ya fara motsi. Suka tsaya har ya sha kwana, sannan Shekari ya tayar da babur, Celina ta hau baya, ya sauke ta a bakin masaƙa ya wuce shago.